Tsokar da Na Binne a Bayan Ɗaki

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatun wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina girgiza kai, ina cewa wane irin ganganci ne wannan, alhali nawa gangancin yana zaune a cikin gidana. Yau dai na ce bari in sauke nawa kayan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A lokacin da abin ya faru ni mahauci ne a kasuwar Tudun Wada, nan Zariya, kuma har gobe sana'ata ke nan. Fawa gadonmu ce. Kakana ya yi, ubana ya yi, ni kuma tun kaina bai kai tsawon tebur ba nake riƙe wuƙa. Na yi sakandare na gama, shi ya sa nake iya wannan rubutu, amma ilimina na gaskiya a hannu yake. Shekaruna arba'in da 'yan kai a lokacin, matata ɗaya, 'ya'ya biyar, da rufin asiri daidai gwargwado. Ina kuma da wani hali wanda sai daga baya na yarda ina da shi, wato ji da kai a kan nama. In aka ajiye tsoka a gabana, ko ban taɓa ta ba zan gaya maka daga ina aka yanko ta, da ko dabbar tsohuwa ce ko ƙarama. Matan malaman jami'a na Kongo sukan tsallake rumfa huɗu su zo wurina, domin sun san ba na miƙa wa mutum nama sai na gyara shi, in cire jijiya, in share tantani, in yar da duk inda bai yi mini ba. Ubana ya hore ni cewa miƙa wa babban mutum nama ba gyara rashin kunya ne.

Akwai wani abin kuma da na gada a gidanmu. Duk abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ba a jefa shi a bola. Mabiyiyar kowane ɗa da aka haifa mana tana binne a bayan ɗaki. Ina yaro wani ƙanen ubana ya sare ɗan yatsansa da gatari a kwata, inda ake yanka dabbobi, na ga yadda tsohonmu ya naɗe guntun a farin ƙyalle ya kai shi ƙasa tun kafin a dawo da mai yatsan daga asibiti. Ban taɓa tambayar kowa hukuncin abin ba. Na tashi na tarar ana yi, ni ma na ɗauka.

Uwar 'ya'yana mace ce mai yawan dariya, irin wadda in tana tsakar gida ba ka bukatar rediyo. Tana yin alkaki da nakiya na biki, kuma ba ta kirana komai sai Sarkin Fawa, duk da ta san ko mai unguwar mahauta ban zama ba. Kusan shekara shida tana da wani ɗan kumburi a ƙarƙashin kunnenta na hagu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ba zafi ba ƙaiƙayi, in ka taɓa shi yana gudu a ƙarƙashin fata. Muka ce kaluluwa ce, za ta baje. Ita kuma ta mai da shi abin wasa, tana cewa asusunta ne da take tara wa 'yan mata kayan ɗaki. Sai a shekara ta ƙarshe ya tashi haiƙan, cikin 'yan watanni ya kai ƙwan zabo, har ɗankwali ya daina rufe shi. Muka je wani asibitin kuɗi, likita ya duba ya ce ƙari ne ya fito a inda miyau ke taruwa, kuma sai an yi tiyata an cire.

Ranar wata Alhamis aka yi aikin, aka kuma gama lafiya. Da ta farfaɗo likitan ya sa ta ta rufe ido, ta ɗaga gira, ta yi murmushi, ya ga komai na motsi, ya ce alhamdu lillahi jijiyar fuska ba ta taɓu ba. Can bayan azahar wata nas ta miƙo mini wata roba mai murfi da takarda. A cikin robar ga ƙarin nan yana iyo a wani ruwan magani mai hawa ido. Ta ce gobe da safe in kai ɗakin gwaji na babban asibiti, a can ne za a gane ko wane iri ne. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma ban ga laifinta ba, domin wa zai yi zaton sai an gaya wa babban mutum kada ya buɗe?

Na koma gida bayan la'asar don in ɗauko mata zannuwa da ruwan zafi. Na ajiye robar a zaure, na zauna ina kallonta, sai tunani ya fara yi mini yawo. Na ce, in za a yi wa mutum gwajin jini ai ɗan kaɗan ake ɗiba a sirinji, ba a tsiyaye shi duka. To wannan ma ɗan kaɗan za su gutsura, sauran su watsa shi cikin shara a ƙone tare da auduga da tsummoki. Naman uwar 'ya'yana ne fa, wadda ta ɗauki cikin mutum biyar a gidan nan. Raina ya ƙi. Na ɗauko ƙaramar wuƙata ta gyaran hanta, na wanke ta da ruwan zafi, na shimfiɗa leda a bayan ɗaki, na fito da abin.

Har yau in na rufe ido ina ganinsa. Gefe ɗaya sumul yake, da tantaninsa a lulluɓe, mai laushi, launinsa toka-toka, yana ɗan sheƙi. Ɗaya gefen kuwa ba kyan gani. Tauri gare shi, fari mai ratsin rawaya, ba tantani, bakinsa a yage, kuma da wuƙa ta shiga sai na ji tana gurza kamar ta hau guringuntsi mai yashi. Hannuna bai ko yi shawara da ni ba, abin da ya saba yi shekara talatin shi ya yi. Na yanko wa likitoci gefen nan mai kyau, kamar ɓarin goro, na daidaita bakinsa, na mai da shi cikin ruwan magani. Mummunan ɓangaren, wanda ya fi yawa, na naɗe shi a farin ƙyalle, na tona rami a gindin zogale kusa da mabiyiyar yara, na yi bisimilla na rufe. Wallahi Edita, na tashi daga wurin nan zuciyata fes. Gani nake na yi wa kowa adalci, likita ya samu mai kyau, ƙasa ta samu nata. Ban gaya wa kowa ba, ba don ina jin laifi ba, sai don ban ga abin faɗa ba.

Washegari na hau acaɓa na kai, aka karɓa aka rubuta lamba a jiki. Bayan sati uku na karɓo sakamako. Maimakon in mayar wa likitan da ya yi aikin kamar yadda aka ce, sai na tsaya wurin maƙwabcinmu mai kemis, ya duba layin da aka rubuta da manyan baƙaƙe ya ce mini albishirinka, ba ciwon daji ba ne, irin ƙarin nan ne mai lafiya. Akwai wasu layuka biyu a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, shi bai karanta ba, ni ban tambaya ba. Ɗinki ya riga ya warke, mai jiki tana tsakar gida tana dariya, me za mu koma yi asibiti? Na yanka rago aka yi sadaka, na ninke takardar na sa a ƙasan akwati.

Shekara guda da wata biyu muka yi cikin jin daɗi. Sai uwar 'ya'yana ta fara cewa wurin yana yi mata tsikari, wani lokaci kamar ana ja mata kunne daga ciki. Da na taɓa na ji wani abu a ƙarƙashin tabon, ƙarami ne, amma wannan ba ya gudu, ya kafe kamar an dasa shi. Yatsana ya san wannan taurin. Amma na ce mata tabo ne ya yi kauri. Bayan wata guda idonta na hagu ya fara zubar da hawaye ba dalili, sai ita da kanta ta ce mu je babban asibiti.

A can aka soka siririyar allura aka zuƙo ɗan abin da ke ciki, aka ce mu dawo. Muka dawo aka ce ba a gane ba, sai an sake. Aka sake, nan ma ba a tsai da magana ba. Likitan tiyata na can, wani dattijo mai haƙuri, ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ya ce hanya biyu ce. In tsohon ƙarin nan mai lafiya ne ya sake tsirowa, za su yi ƙaramin aiki, su lallaɓa su cire shi su bar jijiyar fuska. In kuwa mugun iri ne, sai an kwashe wurin gaba ɗaya, wataƙila har da jijiyar, sannan a bi da gashi na na'ura. Yin ƙaramin aiki a kan mugun iri ganganci ne da rai, yin babban aiki a kan mai lafiya kuwa ɓata fuskar mace ne a banza. Ya ce sun fi karkata ga ƙaramin, tunda gwajin farko ya nuna mai lafiya ne, amma likitar da ke duba tsoka ta ƙi sa hannu, ta ce tana son ganin wanda ya kawo robar farko.

Kafin ranar ban san akwai irin wannan likita a duniya ba. Ba ta ganin marar lafiya, ba ta rubuta magani. Aikinta shi ne a kawo mata abin da aka ciro daga jikin mutum, ta yanka shi siriri fiye da bawon albasa, a rina shi, ta ɗora a gilashi ta duba da madubin da ke ƙara girman abu, sannan ta faɗi sunan ciwon. Abin da ta faɗa shi sauran likitoci ke bi. Na same ta a wani ɗan ofis cike da akwatunan gilasai, mace mai kamar shekaruna, ba ta da yawan magana. Ta ba ni kujera, ta ce ƙarin da ke fita a wurin miyau iri-iri ne, wasu suna kama da juna kamar 'yan biyu, wasu kuma sai ta yi shekaru ba ta ga ko ɗaya ba. Ta ce akwai wani mai lafiya da in ya daɗe a jiki, wani lungu nasa yakan juya ya zama ciwon daji, sauran jikinsa kuma ya zauna lafiya lau. Wanda ya duba lafiyayyen lungun kaɗai zai rantse ba komai. Abin da allura ta zuƙo yanzu ya yi kaɗan, ta ga wasu ƙwayoyi da ba su kwanta mata ba, ta nuna wa manyanta biyu, ɗaya ya ce mai lafiya ne, ɗaya ya ce bai yarda ba.

Sai ta jawo takarda biyu ta jera a gabana. Ɗaya ta likitan da ya yi tiyatar farko ce, ya rubuta girman abin da ya ciro. Ɗayar tata ce, ta rubuta girman abin da ya iso hannunta, kuma a ƙasa, a layukan nan biyu da ba mu karanta ba, ta rubuta cewa guntu ne aka kawo, ba za ta iya yanke hukunci a kan sauran ba, a nemo shi. Ta dube ni ta ce:

"Malam, abin da aka ciro ya ninka wanda aka kawo mini sau uku. Kuma bakinsa a daidaice yake, an yanka shi da hannun da ya iya. Ina sauran?"

Edita, a nan ne na yi abin da ya fi na farko muni. Na farko rashin sani ne, wannan kuwa da sanina na yi. Na ce mata abin da aka ba ni shi na kawo. Ba ta ƙaryata ni ba, ta ce to, in na tuna wani abu ƙofarta a buɗe take, amma in sani ranar Talata za su zauna su yanke irin aikin da za a yi.

Kwana uku na yi ban san me nake sayarwa ba. Wata Hajiya ta ce in ba ta cinya na ba ta ƙirji, har abokan sana'a suna tsokanata wai ko aure zan ƙara. A kwata kuwa, da safe, na tsaya ina kallon ma'aikacin da ke duba naman shanu. Ya ɗauki wata hanta mai kyan gani, jawur, ya tsaga ta ta baya, sai ga tsutsa a ciki. Abin da na gani sau dubu ne, ni kaina na sha gaya wa masu saye cewa ba a sanin hanta ta gefe ɗaya. Ranar ce kawai na ji maganar ta shige ni. Na baro rumfa da rana tsaka na koma gida, na ɗauki fartanya na tona gindin zogalen nan, ina fatan ko Allah zai sa in samu wani abu. Damina biyu ta wuce a kansa. Ban samu komai ba sai wani ɗan zare na ƙyallen.

A nan uwar 'ya'yana ta same ni, gwiwa a ƙasa, hannu duk laka. Ta tsaya da faranti a hannu ta tambaye ni ko taska nake nema ban gaya mata ba. Na kasa ɗaga kai. Na gaya mata komai, tun daga robar har ƙaryar da na yi wa likita. Na yi zaton kuka, ko zagi, ko ta ce in kai ta gidansu, kuma duk wanda ta yi na cancanta. Hawaye na bin kuncinta na hagu, ban sani ba ko na ciwon ne ko na maganata. Sannan ta ajiye farantin ta ce:

"Malam, wanke hannunka mu tafi. Ni ba ni da madubin duba tsoka, likitar za ka gaya wa."

Ranar ba ta ce mini Sarkin Fawa ba.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta saurara har na gama, ta ce ta gode da na dawo kafin Talata. Sai ta ɗauki biro ta ce tunda idona ne kaɗai ya ga ɓangaren da ya ɓata, in kwatanta mata shi. Nan fa bakina ya buɗe. Na gaya mata launinsa, da taurinsa, da yadda wuƙa ta gurza, da inda tantani ya ƙare, da yadda farin ya kutsa cikin mai laushin ba iyaka tsakaninsu. Ta yi ta tambaya, akwai jini a ciki, akwai rami, ya kai har baki ko a tsakiya ya tsaya. Ta ba ni takarda na zana mata. Da muka gama ta ce da ɗalibanta za su iya kwatanta tsoka haka da ta huta, har uwar 'ya'yana ta yi ɗan murmushi. Amma ta ƙara da cewa maganata ba gwaji ba ce, ba za ta rubuta sunan ciwo da ita ba. Abin da ta yi mata shi ne ta rushe dogaron da aka yi da sakamakon farko, kuma ta ƙara mata zargin da take yi.

Da suka zauna ranar Talata sai shawara ta canza. Aka shirya babban aiki, aka ce za a gutsuro kaɗan tana kan gadon tiyata a kai wa likitar ta duba nan take, abin da ta gani shi zai nuna iyakar inda wuƙa za ta kai. Haka aka yi. Ta duba ta aiko cewa mugu ne. Suka kwashe wurin duka, suka tarar ya naɗe wani reshe na jijiyar fuska, dole aka tafi da shi. Wannan karon ba a ba ni roba ba, kuma ko an ba ni da da hannu biyu zan kai ta.

Ko da aka kai wa likitar shi cikakke, sai da ta yi kusan wata guda kafin ta faɗi sunansa. Ta yanka shi gunduwa-gunduwa ta bi kowane lungu, ta rina da magunguna kala-kala, ta aika wa wani abokin aikinta a wani gari shi ma ya duba. Ni da na raba abin gida biyu cikin minti ɗaya a bayan ɗaki, na zauna ina jiran masu ilimi suna wata guda a kansa. A ƙarshe suka haɗu a kan cewa irin nan ne da ta faɗa mini tun farko, ciwon daji da ya tsiro a cikin tsohon ƙari mai lafiya, kuma wanda ba a cika gani ba. Sunansa dogo ne, yana nan a takarda, ban taɓa iya faɗinsa ba. Allah ya taimake mu bai bazu ba. Aka yi wa uwar 'ya'yana gashin na'ura na makonni, bakinta ya bushe, abinci ya daina yi mata ɗanɗano, ta rame har zobenta yana zamewa. Muka bi, muka jure, ya wuce.

Ranar da muka je karɓar sakamakon ƙarshe na tsaya bayan uwar 'ya'yana ta fita, na tambayi likitar abin da ke cina. Na ce da na kawo shi duka tun farko, da an tsira da jijiyar? Ta ce da ta ga mugun lungun tun a lokacin, da an koma an share wurin tun bai yi nisa ba, wannan kam babu shakka.

"Amma ko jijiyar za ta tsira, ban sani ba, Malam. Kuma ba zan faɗa maka abin da ban sani ba don ka ji sanyi."

Na je wurin limamin unguwarmu ma daga baya, na ba shi labari. Ya ce binne abin da ya fita daga jikin mutum abu ne mai kyau, niyyata ba ta da laifi, amma ceton rai yana gaba da shi nesa ba kusa ba, kuma da na tako nan zaurensa na tambaya, da jumla ɗaya ta ishe ni. Tsakanin gidana da nasa bai kai taku ɗari ba. Matambayi ba ya ɓata, ni kuwa a ranar ban ga abin da wani zai koya mini a kan nama ba.

Yau shekara huɗu ke nan. Muna zuwa a duba ta lokaci-lokaci, kuma kowane zuwa sai a ce lafiya lau. Ta mai da jikinta, ta koma alkakinta, bara ta aurar da babbar 'yarmu, ita ce a gaba wurin rawa. Bakinta ya ɗan karkace ta hagu, idon wannan gefen kuma ba ya rufuwa sosai, amma dariyar tana nan, sai dai ta gefe guda take fita. Ta dawo da kirana Sarkin Fawa tun tana gadon asibiti. In baƙi suka zo takan nuna ni ta ce ga babban likitan gidan nan, shi ke fara duba kaya kafin a kai wa ƙananan. Su yi dariya, ni ma in yi, domin na san wannan tsokanar ita ce yafiyarta. Ba ta taɓa zaunar da ni ta ce kai ka ja mini ba, ko sau ɗaya. Ina cikin kwanciyar hankali, Edita, na gode wa Allah, ko da yake tambayar nan da likita ta ce ba ta san amsarta ba ni ma ban sani ba, kuma na haƙura zan tafi da ita.

Abin da na koya shi ne gwanintar mutum tana da iyaka, kuma a bakin iyakar nan ta fi jahilci haɗari, domin jahili yana tsoron taɓawa, gwani ba ya tsoro. Garin neman gira na kusa rasa ido. Don haka ina roƙon duk wanda aka miƙa wa irin wannan roba a asibiti, don girman Allah ya kai ta yadda aka ba shi, kada ya buɗe, kada ya rage, kada ya ajiye ta sai an kwana biyu. Inda ya fi muni a idonka shi likita ke nema. In takarda ta fito, ka mayar wa likitan da ya aike ka, ya karanta ta har layin ƙarshe, ko da mai jiki ta warke tana daka a tsakar gida. In wani abu na al'ada ko na addini ya tsaya maka a rai, ka tambayi malami, ka tambayi likita. In kuma ka riga ka yi kuskure irin nawa, ka faɗa tun faɗin yana da amfani. Kwana ukun da na yi ina ɓoyewa, da sun zama biyar, da an yi mata aikin da bai dace ba, da wataƙila wani labarin nake rubuto maka yau.

Saboda idon nan da ba ya rufuwa, an ba ta wani magani da ake ɗiga mata don kada ya bushe. 'Ya'yanta suna nan, kowa ya iya, amma ta ce ni zan riƙa yi. Kullum in na dawo daga masallaci da asuba, kafin in tafi kwata, takan zauna a bakin gado ta ɗaga fuska ta jira ni. Hannun da ya riƙe wuƙar nan shi ke ɗiga mata maganin, kuma har yau ba ta taɓa kau da kai ba.